Ɗaga Kai Kafin Ka Ɗaga Waya

Duk bayan sallah haka ake yi. Ka buɗe Facebook ko TikTok, hotuna su cika maka ido: samari cikin shadda mai sheƙi, 'yan mata da lalle har gwiwar hannu, kowa ya samu bangon da zai jingina. Wanda ya je Kano ya tsaya ƙofar Gidan Makama. Wadda ta je Katsina ta sa hasumiyar Gobarau a bayanta. Mu nan Tambuwal da Kebbe, wanda bai samu tafiya ba sai ya lallaɓa ƙofar fada ko wani tsohon zaure cikin gari, ya karkata hula, a ɗauka. A ƙasan hoton a rubuta "al'adarmu abin alfaharinmu", a jera 'yan zukata, shi ke nan sai wata sallar.

Ba laifi ba ne, mu ma da ke rubuta wannan shafi mun yi, kuma za mu sake. Amma ga tambaya, kowa ya amsa wa kansa tsakaninsa da Allah: abin nan da ke bayanka a hoton, ka san sunansa? Tsinin da ya miƙe a kusurwar soro kamar kunnen zomo, me ake ce masa? Zanen da ya kanannaɗe a saman ƙofa, da hannu aka yi shi ko da wuƙa? Ka shiga zauren, ka zauna minti goma kana jiran mai hoto, ko sau ɗaya ka ɗaga kai ka dubi rufin?

Yawancinmu ba mu ɗaga ba. Ginin ya zama labule kawai, irin wanda masu hoto na da ke ratayawa a shago, mai zanen teku da jirgin sama. Kuma abin da ka mayar labule, ranar da aka cire shi ba za ka ji komai ba, wani za ka nema. Shi ya sa ake rushe tsofaffin zauruka a garuruwanmu ba wanda ya ce uffan, sai bayan an kwashe ƙasar wani ya tono tsohon hoto ya ɗora ya rubuta "Allah sarki jiya".

Bari mu ɗauki gini guda ɗaya mu dube shi da kyau, ko da yake ba a jiharmu yake ba, don shi ne wanda masana suka fi ambato in ana maganar ginin Hausa: Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ke gaban fadar Sarkin Zazzau. An gina shi a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin kuwa Muhammadu Durugu ne, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke amsa wannan suna, kuma a ƙasar Bauchi ma, a Kafin Madaki, akwai ginin da ake jingina masa.

Ka tuna mutumin nan ba shi da siminti, ba shi da rodi. Abin da ke hannunsa ƙasa ce da ruwa da itace. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsumu, a mulmula tubali da hannu, ƙasansa da faɗi samansa da tsini, a shanya a rana. Da shi ake ɗaga bango, mai kauri daga tushe, yana sirancewa yana hawa. Wannan ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wurin rufi. Itacen rufi shi ne azara, wato gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika yi mata komai ba. To amma azara tana da iyaka: in tazarar da ke tsakanin bango da bango ta haura kamar mita biyu, ka ɗora mata nauyin ƙasa, za ta lanƙwashe. To ta yaya za ka rufe ɗakin da zai ɗauki sahun Juma'a na birni guda?

Amsar ita ce bakan gizo. Magini zai dasa azara a jikin bango ko ginshiƙi ta ɗan leƙo waje, ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Ta ɗaya gefen ma haka. Kullum ana ƙarawa, hannuwan biyu suna rusunawa suna neman juna a sama, har ranar da suka haɗu. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, shi ne ake kira ɗaurin guga, kuma a daidai mahaɗar ne sau da yawa za ka ga an manna tasa ko faranti yana ƙyalli. A masallacin Zariya, yadda Babban Gwani ya gina shi, tulluwa shida ce ke zaune a kan irin waɗannan bakuna, bakunan kuma suna tasowa daga manyan ginshiƙai da aka yi wa zane mai zurfi, layuka da kusurwoyi da da'ira, babu tarkacen launi. Haske kaɗan ke shigowa, inuwa ce ke fito da zanen. Wanda ya saba da silin POP zai ce ado ne. Ba ado ba ne kawai: layukan nan da ka ga sun bi rufin kamar haƙarƙari, su ne ke ɗauke da shi. A ginin Hausa na asali, abin da ya fi kyau a ɗakin shi ne kuma abin da ya hana ɗakin faɗo maka.

Kada wani ya ce wannan labarin Zazzagawa ne, ina ruwan Basakkwace. Lokacin da Bature Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya tarar ana gina wani masallaci da Waziri Giɗaɗo ke ɗaukar nauyinsa, kuma ya rubuta cewa shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya ga irin gininsu. Ka ga ke nan tun shekara 200 da suka wuce gwanaye na yawo tsakanin biranen daular nan, ana kiransu kamar yadda yau ake kiran injiniya daga Abuja. Tambuwal kanta a wancan zamani ta tashi, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna yana tsaron wannan yanki. Garin da ɗan Shehu ya zauna, aka yi fada, aka yi masallaci, aka yi gidajen malamai da na attajirai, ba zai rasa magina ba. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin aikinsu ya rage a tsaye, kuma wa ya taɓa zagayawa ya ƙirga.

Akwai tatsuniyar da ake bayarwa kan ƙarshen Babban Gwani, cewa wani sarki ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Labarin baka ne, irinsa ana ba da shi kan gwanaye a ƙasashe da yawa. Abin lura a ciki shi ne darajar da mutanen da suka ba magini, har suna ganin sarki zai iya kishi a kansa. Yau fa? Yaro ya ce zai koyi ginin ƙasa, abokansa za su ce ya rasa abin yi.

Yanzu fito waje ka dubi fuskar ginin, inda ka saba tsayawa. Tsinin nan na kusurwa sunansa zanko, jam'insa zankwaye. Bangon da ya ɗan ɗara rufi ya kewaye shi, rawani. Bututun da ya leƙo yana zubar da ruwan sama nesa da tushe, indararo, kuma duk gidan da indararonsa ya toshe ko ya karye, kwanansa ya kusa. Jan yaɓen nan mai duhu da ruwa ke zamewa a kansa, makuba ce, daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi daga gindin karofi, da gashin akuya daga wurin majema, da dafara. Tsaya ka ji wannan da kyau, don nan ne labarin ya yi daɗi: bangon zaure ɗaya yana ɗauke da aikin marini da na majemi da na matar da ta sussuka ɗorawa don yin kalwa. Abin da ya zama shara a wata sana'a shi ne kayan aikin wata. Mu da ƙasarmu ta yi suna da jar akuya da jima, ya kamata wannan ya taɓa mu. Kuma shi ya sa da marina suka yi ta mutuwa, magini ya rasa katsi, ya koma wa siminti ko da ba ya so.

Zanen kuwa, wani da yatsu ake tayar da shi tun yaɓen yana ɗanye, wani a kankare shi da ƙarfe. Dagi kowa ya san shi, shi ne a hularka da a jakar fata da a tambarin ƙungiyoyin Arewa. Akwai takobi, akwai allo. Amma abin da zai ba ka dariya, ka je tsofaffin unguwannin Zariya da Kano da Damagaram ka duba hotunan gidajen da aka ƙawata a tsakiyar ƙarnin da ya wuce: za ka ga keke a jikin bango, ka ga mota, ka ga agogo, ka ga jirgin sama. Mai gida ya samu kuɗin gyaɗa ko na fatauci, ya sayi keke, yana so duk mai wucewa ya sani. Wallahi bangon gida shi ne sitatus ɗinsu, bambancin kawai nasu ba ya gogewa bayan awa 24. Don haka masu cewa ginin gargajiya abu ne da ya daskare wuri ɗaya ba su kalle shi ba. Maginan nan 'yan yayi ne na zamaninsu.

To, sai maganar da ba ta da daɗi, wadda in muka tsallake ta mun yi wa mai karatu ƙarya. A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin Zariya da sabon ginin siminti, aka bar na Babban Gwani a ciki. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na masallacin ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da dama suka jikkata. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon tun ranar da ta gabata, ana shirin kawo injiniyoyi ke nan abin ya faru.

Bayan wannan, mutane da yawa a kafafen sada zumunta sun yanke hukunci: ginin ƙasa kashe mutane yake yi, a rushe duka a huta. Ba za mu raina wannan magana ba. Duk damina muna jin labarin ɗakin da ya faɗa kan iyali a ƙauyukanmu, kuma ran mutum ɗaya ya fi duk wani bakan gizo da aka taɓa ɗaurawa. Wanda ya tashi a ɗakin da ke yoyo, yana tara kwanoni cikin dare, ba ka isa ka zo daga birni da kyamara ka ce masa ya zauna a haka don kai kana son hoto ba. Duk ginin da masana suka duba suka ce ba ya gyaruwa kuma jama'a na shigarsa, a fitar da mutane tukuna, sauran magana ta biyo baya.

Sai dai a yi adalci. Ginin nan ya tsaya kusan shekara 190. Bene nawa na siminti da rodi muka ji ya rufta a Legas da Abuja da Kano tun ba a gama fentinsa ba? Ba wanda ya ce a daina siminti. Ginin ƙasa yana da sharaɗi ɗaya da kakanninmu suka sani: ba a barinsa. Kafin ruwan farko a hau rufi, a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali har yau rana guda ake warewa duk shekara, gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa a yaɓe babban masallacinsu, samari na tsere da kwandunan laka kamar ranar biki. Mu kuma abin da muke yi, mu ɗauko siminti mu shafe bangon ƙasa da shi don mu huta da yaɓe. Simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bangon yana ruɓewa a ciki fuskarsa tana sheƙi a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma wannan tsagar ba ka ma ganinta sai ranar da ta gama aikinta.

Manyan masallatanmu na tarihi, na Shehu da na Bello a Sakkwato, da na cikin birnin Kano, duk an sake su da ginin zamani. Jama'a ta ƙaru, dole a faɗaɗa, ba mai jayayya. Amma ka lura da wani abu: yau in kana so ka ga kamannin masallacin Zariya yadda yake kafin a kewaye shi, sai ka je Jos, gidan adana kayan tarihi, inda aka gina kwafinsa bisa awon da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shi da mataimakansa. Mutumin ya baro ƙasarsa ya yi shekaru yana bin garuruwanmu da tef da takarda yana auna bango. Mu da ke ɗauke da kyamara a aljihu dare da rana, ba mu auna ko zauren unguwarmu ba.

Kuma kada ka ɗauka abin ya mutu ko'ina. Tsallaka Illela ka shiga Ƙonni, ka nufi jihar Tawa. Akwai wani gari, Yama, inda wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gini na duniya. Bahaushe ne kamarmu, da irin ƙasarmu. A Dandaji, duk a jihar Tawa, da masallacinsu ya yi kaɗan ba su rushe shi ba: a 2018 aka kammala sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Ɗaya daga masu zanen aikin 'yar Nijar ce, Mariam Kamara. A 2022 kuma Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya yi suna da gina makarantar ƙauyensu da ƙasa, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Duniya na komawa ga abin da muke kwashewa da tifa.

Dalilin ma ba sai an je jami'a ba. Shiga ɗakin bulo da kwano a Kebbe da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, fanka ta zama ado. Fito ka shiga tsohon zaure mai kaurin bango. Jikinka zai ba ka amsa kafin bakinka.

To me muke nema daga gare ku? Ba mu ce kowa ya koma ɗakin ƙasa ba. Abin da ke hannunmu shi ne waya, kuma ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. In za ka ɗauki hoto gaban tsohon gini a Tambuwal ko Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo ko Kuchi, ɗauki naka, sa'an nan ka matsa gefe ka ɗauki ginin shi kaɗai. Fuskarsa gaba ɗaya, sai zanen a kusa, sai ka nemi izini ka shiga ka ɗauki rufin. Da hantsi ko da la'asar sakaliya zane ya fi fitowa, lokacin da rana ke dukan bango ta gefe. Kada ka sa filta, launin makuba ba ya buƙatar taimako. Kuma don Allah a yi sallama, a gaida dattawan da ke kan dakali, kada a kutsa gidan mutane kamar an shiga kasuwa.

Gaisuwar nan ma ita ce rabin aikin. Durƙusa ka ce, "Baba, wanga zaure wa ya gina shi?" Za ka sha mamaki. Sau da yawa akwai wanda ya san sunan maginin, ya san zamanin wane sarki aka yi, ya san daga wane fadama aka saro giginyar. Rubuta shi ƙasan hoton maimakon 'yan zukata. In an nuna maka wani tsoho aka ce shi ne ya rage cikin masu ɗaurin guga, to ka samu abin da ya fi ginin: kunna bidiyo ka bar shi ya yi magana, da bakinsa na Sakkwatanci, kada ka gyara masa. 'Yan'uwa mata kuma kuna da ƙofar da maza ba su da ita. Adon cikin gida, jeren kwanoni da daɓen tsakar ɗaki da zanen da iyayenmu mata ke yi a bangon ɗakin amarya, ba namijin da zai shiga ya ɗauko shi. Inna da Gwaggo na nan, a tambaye su.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da iyayenmu sarakuna, roƙonmu ƙarami ne kuma ba ya cin kasafi. Kafin a taɓa duk wani tsohon ginin jama'a, masallaci ne ko zauren fada ko tsohuwar kotu ko makaranta, a kira magini na gargajiya tare da injiniya su duba shi tare, don kowannensu na ganin abin da ɗayan ba ya gani. In na gyara ne a gyara da irin kayansa. In kuwa dole sai an rushe, a ba matasa mako guda su auna, su ɗauki hoto, a kai kwafi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗaliban zanen gini da ke neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu, ga aiki nan a ƙofar gidanku.

Wannan shafi zai buɗe wuri domin hotunan. A turo mana da sunan gari da unguwa, da sunan maginin in an samu, da abin da dattawa suka ce kan shekarunsa. Na farko da muke so mu gani shi ne rufi, daga ciki, a tsaye a tsakiyar ɗaki an ɗaga waya sama. In ka ga tsaga ko alamar yoyo a jikin azara, kada ka tsaya ɗorawa a intanet, fara gaya wa mai unguwa ko liman a ranar.